Kujeru Biyar, Ƙuri'u Uku: Yadda Kansilolin Bell Suka Yanka wa Kansu Albashi

Kujeru biyar ne kacal a majalisar garin Bell, jere bisa dandamali ɗaya. Daga ƙarshen 2009 zuwa tsakiyar 2010, mutumin da ke zaune a ɗaya daga cikinsu, Lorenzo Velez, dala 673 yake karɓa a wata, kuma ya ɗauka abin da kowa ke karɓa ke nan. Shi direban manyan injunan gini ne. Naɗa shi aka yi don ya cike gurbin wani kansila da ya sauka, bai kuma ga abin mamaki a wannan ɗan kuɗi ba, tun da kansilanci a ƙaramin garin Amurka ba sana'a ba ce. Zama ne sau ɗaya ko sau biyu a wata, galibi da yamma, bayan kowa ya taso daga inda yake neman abincinsa. Sauran huɗun kuwa, waɗanda yake gaisawa da su suna ɗaga hannu tare, kowannensu yana kwasar kusan dala 8,000 a wata, wato dab da dala 100,000 a shekara. Babu wanda ya taɓa shaida masa. Sai da bincike ya taso a 2010 sannan ya ji.

Bell ɗan gari ne a kudu maso gabashin birnin Los Angeles, jihar Kalifoniya. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 7 ba, ƙidayar 2010 kuma ta nuna mutum 35,477 ne a cikinsa. Kusan 9 cikin kowane 10 asalinsu daga Latin Amurka ne, akasari Meziko, sai wata ƙaramar al'umma ta Musulmi 'yan Labanan da ta daɗe a wurin. Garin 'yan ƙwadago ne: ma'aikatan masana'antu da manyan ɗakunan ajiye kaya, direbobi, masu share-share, masu ƙananan shaguna. Yana cikin garuruwan da suka fi talauci a gundumar Los Angeles. Da yawa daga mazaunansa ba su da takardar zama ɗan ƙasa, don haka ba sa jefa ƙuri'a. Waɗanda ke da ita kuma, mai aiki biyu a rana ba ya da hutun zuwa zauren majalisa ya saurari batun kwangilar gyaran kwalbati.

Tsarin da ƙananan garuruwan Kalifoniya ke bi mai sauƙi ne a takarda. Jama'a su zaɓi kansiloli, yawanci biyar. Kansilolin su ɗauki ɗaya daga cikinsu ya zama magajin gari, muƙamin da bai wuce jagorantar zama da yanka kirtani a wajen biki ba. Sannan su ɗauki ƙwararren ma'aikaci, manajan gari, wanda shi ne ke riƙe da ragamar komai: ma'aikata, 'yan sanda, kasafi, kwangiloli. Aikin majalisa shi ne ta sa masa ido, ta amince da kasafinsa, ta yanka masa albashi, in ya kauce ta sallame shi. Ƙuri'u uku sun isa a yi duk wannan. An tsara haka ne tun farkon ƙarni na 20 don a raba siyasa da aikin ofis, kuma a ɗaruruwan garuruwa yana tafiya lafiya. Amma duk tsarin ya rataya ne a kan abu guda, wato mutum biyar ɗin nan su kasance ba sa jin nauyin wanda suke sa wa ido.

Jihar ba ta bar batun albashinsu sakaka ba. Dokarta ta jera matakai gwargwadon yawan jama'a, kuma a wancan lokaci garin da bai wuce mutum 35,000 ba zai biya kansila dala 300 a wata, daga nan zuwa 50,000 dala 400, ana hawa a hankali har zuwa dala 1,000 ga birnin da ya haura 250,000. An yarda a riƙa ƙara kashi 5 cikin 100 a shekara. Ko an lissafa da wannan ƙari, kansilan Bell bai kamata ya wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba.

Sai dai dokar tana da ƙofar baya, kuma maƙwabtan Bell sun riga sun gano ta. A garin South Gate, farkon shekarun 2000, an yi wata badaƙala da ta kai ga jama'a sun yi wa ma'ajin garin, Albert Robles, kiranye tare da abokan tafiyarsa a 2003, daga baya aka ɗaure shi. Cikin dabarun da aka gani a yankin har da ƙirƙiro hukumomi da kwamitoci, kansiloli su naɗa kansu a ciki, kowace hukuma da alawus ɗinta. Hector De La Torre, wanda ya yi kansila a South Gate kafin ya tafi majalisar dokokin jiha, ya kawo ƙudurin da ya toshe wannan kafa a 2005. Daga nan alawus ɗin irin waɗannan hukumomi ba zai wuce dala 150 a wata ba.

To, amma garuruwan Kalifoniya iri biyu ne. Akwai masu bin dokar jiha kai tsaye, su ne mafi yawa. Akwai kuma waɗanda suka rubuta kundin mulkinsu, fiye da 100 cikin garuruwa sama da 480, waɗanda tsarin mulkin jihar ya ba su 'yancin tafiyar da harkokin cikin gida, har da albashi. Sabuwar dokar kashin farko ta shafa. Ba a rufa shekara ba majalisar Bell ta kira zaɓe na musamman a ƙarshen Nuwamba 2005, tambaya ɗaya tak a takardar ƙuri'a: a mayar da Bell gari mai kundin kansa? Babu wani zaɓe da aka haɗa shi da shi, babu gangami, bayanin da aka raba bai ambaci albashi ba. Mutanen da suka jefa ƙuri'a ba su kai 400 ba, kusan 1 cikin 100 na mazauna garin, kuma fiye da rabinsu ta wasiƙa suka aiko. Aka ce an amince.

Wani abin ban dariya shi ne, kundin da suka rubuta da kansu ya ce albashin kansila ba zai wuce na takwaransa a gari mai bin dokar jiha ba. Mai karanta wannan sashe zai ce mutanen kirki ne. Kuɗin ta wata hanya suka biyo. A wancan lokaci Bell tana da hukumar kula da shara da sake sarrafa ta, da hukumar kadarorin da gari ba ya buƙata, da hukumar samar da kuɗin ayyuka, da hukumar gidajen al'umma. Mambobin kowace hukuma su ne dai kansilolin nan biyar. A dare ɗaya, a kujerun da suke zaune, sai a rufe zaman majalisa a buɗe zaman hukumar gidaje, a rufe shi a buɗe na kadarori. Takardun zaman da aka fito da su daga baya sun nuna wasu zaman minti ɗaya suka ɗauka, wasu hukumomin kuma sukan shekara ba su zauna ba. Albashi kuwa ba ya fashi. Hukumar shara, wadda masu gabatar da ƙara suka ce kusan ba ta taɓa yin komai ba, ita ma tana biya duk wata. Wani kansila, Victor Bello, da ya sauka a 2009, sai aka ba shi muƙamin mataimaki a wurin raba abincin agaji na garin, da albashi kusan daidai da wanda ya bari.

Su wane ne waɗannan mutane? Ba wasu hamshaƙai ba ne. Magajin gari Oscar Hernandez kantin kayan masarufi gare shi. Teresa Jacobo dillaliyar gidaje ce. George Mirabal harkar jana'iza yake yi. George Cole, wanda ya riga ya sauka daga majalisar, tsohon ma'aikacin kamfanin ƙarafa ne. Luis Artiga fasto ne a wani coci a garin. Ga irinsu, dala 100,000 a shekara kuɗi ne da ba su taɓa mafarkin gani ba, a garin da iyali guda ba ya samun rabin haka.

A nan ne lissafin ya fito fili, domin abin da kansilolin suka ci ɗan kaɗan ne in aka gwada da na mutumin da aka zaɓe su su sa wa ido. Robert Rizzo ya zo Bell a 1993 da albashin dala 72,000 a shekara, lokacin garin na fama da rashin kuɗi, kuma ko masu sukarsa sun yarda ya daidaita asusun a farko. Zuwa 2010 albashinsa ya kai dala 787,637, kusan ninki biyu na shugaban Amurka, wanda ke karɓar dala 400,000. Kwantiraginsa ya tanadi ƙarin kashi 12 cikin 100 kowace shekara. In aka haɗa da sauran alfarma, har da hutun da ya haura kwana 100 a shekara wanda yake mayarwa kuɗi, abin ya kai wajen dala miliyan 1.5. Yana da gida a Huntington Beach, bakin teku, da gonar dawakin sukuwa a jihar Washington. Mataimakiyarsa, Angela Spaccia, tana karɓar dala 376,288. Shugaban 'yan sandan garin, Randy Adams, mai jami'ai 'yan gomomi, yana karɓar dala 457,000, ya zarce shugaban 'yan sandan birnin Los Angeles mai jami'ai kusan 10,000 nesa ba kusa ba. A wani saƙon imel da aka karanta a kotu, Adams ya rubuta wa Spaccia cikin raha cewa yana ɗokin zuwa ya kwashe kuɗin Bell, ita kuma ta amsa masa da cewa kowa zai samu rabonsa muddin ba a yi haɗama ba.

Daga baya kansilolin sun ce ba su san nawa Rizzo ke karɓa ba, masu gabatar da ƙara ma sun ce wasu kwantiraginsa ba su taɓa zuwa gaban majalisa ba. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Amma rashin sanin nan shi ne ainihin abin da aka saya da dala 8,000 a wata. Baki in ya ci, ido ya ji kunya. Kansilan da ya san albashinsa ba zai jure tambaya ba, da wane bakin zai tambayi na manaja?

Kuɗin kuwa daga aljihun talakawan garin suka fito. A lokacin, harajin gidaje a Bell shi ne na biyu wajen tsada a duk gundumar Los Angeles, ya fi na Beverly Hills, unguwar taurarin fim. Da babban mai binciken kuɗi na jiha, John Chiang, ya duba littattafan garin, ya gano an karɓi kimanin dala miliyan 2.9 na harajin gidaje ba bisa ƙa'ida ba, aka ce a mayar wa masu shi. 'Yan sanda kuma sun mayar da kama motoci sana'a. A garin da baƙi da yawa ba su da lasisin tuƙi saboda rashin takardu, tsayar da mota a ja ta zuwa ma'ajiya, sannan a caji mai ita ɗaruruwan daloli kafin ya karɓa, hanya ce ta samun kuɗin shiga da ba ta da wuya. Wanda ba shi da takardar zama ba ya kai ƙara.

Ba a ce babu wanda ya yi tambaya ba. A 2008 wani mazaunin garin ya nemi a ba shi albashin shugabanni a rubuce, kamar yadda dokar jiha ta ba kowa dama. Aka miƙa masa takarda mai cewa kansila dala 673 yake karɓa a wata, manaja kuma dala 15,000 da 'yan kai. Akawun majalisar, Rebecca Valdez, ta shaida wa kotu daga baya cewa ta san lissafin ba daidai ba ne, umarni aka ba ta. Mutumin ya karɓi takardarsa ya tafi gida. Me zai yi? Ba shi da lauya, kuma babu wata jarida da ke turo wakili zaman majalisar Bell.

Asirin ya tonu ne ta hanyar maƙwabta. A watan Yuni 2010 garin Maywood, wanda ke manne da Bell, ya rasa inshora, ya rushe rundunar 'yan sandansa, ya sallami kusan dukkan ma'aikatansa, ya ɗauki Bell haya ta tafiyar masa da ayyuka. 'Yan jarida biyu na Los Angeles Times, Jeff Gottlieb da Ruben Vives, suna bin wannan labari sai suka ji ofishin mai gabatar da ƙara na gunduma yana bincike kan albashin kansilolin Bell. Suka nemi takardu, aka yi ta ja musu rai, a ƙarshe aka kira su wani ɗakin taro a wurin shaƙatawar yara, inda Rizzo da muƙarrabansa da lauyoyi ke jira. Da aka tambaye shi albashinsa, ya faɗa, bai kuma nuna wata kunya ba. Ya ce in ya koma kamfani mai zaman kansa zai samu haka. Labarin ya fito ranar 15 ga Yuli.

Zauren da a da kujerunsa ke zama wayam sai ga shi ya cika ya batse, ɗaruruwa a waje suna ihu da Sifaniyanci da Turanci. Cikin mako guda da 'yan kwanaki Rizzo da Spaccia da Adams suka ajiye aiki. Magajin gari Hernandez, wanda da farko ya fito yana kare albashin manajan, ya dawo ya nemi gafara. Ranar 26 ga Yuli majalisa ta zaftare albashinta da kashi 90 cikin 100, wato suka koma kan abin da Velez ke karɓa tun farko. Bai wadatar ba. Da safiyar 21 ga Satumba aka kama mutum 8, Rizzo da Spaccia da kansiloli huɗu masu ci da tsofaffi biyu, bisa zargin karkatar da kimanin dala miliyan 5.5. A gidan Hernandez sai da aka ɓalle ƙofa.

Daga nan ne ƙanƙantar majalisar ta nuna wata illar da ba a yi tunani ba. Doka ta ce sai mutum uku sun hallara kafin zama ya yiwu. Huɗu cikin biyar suna gaban kotu. Artiga ya sauka, wani yana tsare, wasu suna aiko da uzurin rashin lafiya. Aka yi ta ɗage zama, Velez na zuwa ya tarar da kujeru babu kowa. A farkon 2011 alƙali ya hana waɗanda ake tuhuma kusantar sakatariyar garin ma baki ɗaya. Garin da ke bakin tsiyacewa ya wayi gari babu mai ikon amincewa da ko sisin kwabo. Ranar 8 ga Maris 2011 jama'a suka yi kiranye da rinjayen da ya haura kashi 90 cikin 100, suka zaɓi sababbin mutum biyar. Har Velez, wanda bai ci komai ba, guguwar ta tafi da shi. Amma wa zai tabbatar da sakamakon zaɓen, tun da aikin majalisa ne kuma babu majalisa? Sai da majalisar dokokin jiha ta yi dokar gaggawa ta ba hukumar gunduma wannan iko, sannan aka rantsar da sababbin a watan Afrilu. Ali Saleh, ɗan asalin Labanan, haifaffen garin kuma ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar BASTA da ta shirya kiranyen, shi ya zama magajin gari. A wannan watan ne kuma jaridar Los Angeles Times ta samu lambar yabo ta Pulitzer.

Shari'ar kansilolin ta zo a 2013, kuma kariyar da suka kawo ta cancanci a saurara, ko da ba a karɓa ba. Lauyoyinsu sun ce aikin ba na wucin gadi ba ne kamar yadda ake faɗa: ana buga musu waya dare da rana, suna raba abincin agaji, suna halartar taruka, suna shiga tsakanin jama'a da ofisoshi. Sun ce lauyan gari yana zaune a kowane zama bai taɓa cewa albashin ya saɓa doka ba, masu binciken kuɗi na waje ma suna sa hannu kowace shekara. Sun ce Rizzo ne ya juya su. Lauyan Hernandez har ya kawo hujjar cewa karatunsa bai yi nisa ba, Turancinsa ma bai nuna ba. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka samu biyar da laifi kan kuɗin hukumar shara, suka wanke su a wasu tuhume-tuhumen, suka kasa cimma matsaya a kan saura. Artiga, wanda naɗa shi aka yi a 2008 bayan an riga an kafa tsarin, an sallame shi. A 2014 mai shari'a Kathleen Kennedy ta yanke wa Jacobo shekara 2, Hernandez da Mirabal da Bello shekara ɗaya-ɗaya, Cole kuma ɗaurin talala na kwana 180 a gida. Rizzo, wanda bai musanta tuhuma 69 ba, ya samu shekara 12 da umarnin biyan dala miliyan 8.8. Spaccia ta samu shekara 11 da wata 8. Ba a tuhumi Adams ba.

Da ƙura ta lafa, tambayar da ta rage ita ce ta adadi: biyar sun yi kaɗan ne? A Kalifoniya wannan lamba kusan ba ta kula da girman gari. Vernon, maƙwabcin Bell ta arewa, garin masana'antu ne mai mazauna 112 a ƙidayar 2010, shi ma kansiloli biyar gare shi, kowanne yana karɓar kusan dala 70,000 a shekara kafin a tilasta musu ragewa a 2011, lokacin da majalisar jiha ta kusa soke garin ɗungurungum. Magajin garinsa, Leonis Malburg, ya haura shekara 50 a majalisa kafin a same shi da laifin maguɗin zaɓe a 2009. A ɗaya gefen, birnin Los Angeles mai mutum kusan miliyan 4 kansiloli 15 gare shi tun 1925, kowanne yana wakiltar mutum wajen 260,000, albashinsu kuma an ɗaure shi da na alƙalan babbar kotu. Gundumar Los Angeles kanta, mai mutum miliyan 10, mutum biyar ke mulkinta, sai a Nuwamba 2024 masu zaɓe suka amince a ƙara su zuwa 9.

Faransa ta bi wata hanya dabam. A can doka ce ke ƙayyade yawan kansiloli gwargwadon jama'a: ƙauyen da bai kai mutum 100 ba yana da 7, daga 100 zuwa 499 yana da 11, daga 500 zuwa 1,499 yana da 15. Gari mai mutum tsakanin 30,000 da 39,999, wato sa'an Bell, kansiloli 39 zai samu. Jerin 'yan takarar da ya ci zaɓe yana ɗaukar rabin kujeru kai tsaye, a raba sauran bisa yawan ƙuri'u, saboda haka kusan kullum akwai 'yan adawa a zaure masu neman abin da za su tona. Magajin gari da mataimakansa ne ke da alawus tsayayye, shi ma bisa ma'aunin da ƙasa ta gindaya, akasarin sauran kansiloli a ƙananan garuruwa kyauta suke yi. Wannan bai mayar da Faransawa waliyyai ba, magadan garinsu da dama sun gurfana a kotu. Yawan kujeru ma ba ya sa mutum ya san abin da aka ɓoye masa, ga Velez nan shaida. Amma toshe bakin mutum huɗu abu ne da manaja ɗaya zai iya cikin kasafin ƙaramin gari. Toshe na 39, cikinsu har da abokan hamayya, wani aiki ne dabam.

Masu son ƙaramar majalisa suna da tasu hujjar, ba kuma ta banza ba ce: zama ba ya jan lokaci, kowa ya san wanda zai kama da laifi, kuɗin tafiyar da ita kaɗan ne. A garuruwa da yawa ma da ƙyar ake samun mutum biyar masu son tsayawa, har akan soke zaɓe don babu hamayya. Kalifoniya dai ba ta taɓa adadin ba. Abin da ta yi shi ne buɗe tagogi. Tun ƙarshen 2010 ofishin mai binciken kuɗi ya kafa shafin intanet inda kowane gari ke wallafa albashin kowane muƙami. Wata doka ta 2011 ta ce in majalisa za ta rikiɗe ta zama wata hukuma a zama guda, dole a sanar da baki nawa kowa zai karɓa kafin a fara. An hana kwantiragin manaja mai sabunta kansa da ƙarin da ya wuce tsadar rayuwa. An kuma mayar da ƙuri'ar kafa kundin gari zuwa lokacin babban zaɓe, don kada a sake yanke makomar mutum 35,000 a ranar da babu wanda ya san ana zaɓe.

Sai dai tsoron zama Bell ta biyu ya haifar da tasa matsalar. Majalisu da yawa suka daina ko ambaton ƙarin albashi, har wanda doka ta halatta, don babu kansilan da ke son a ga sunansa a jarida kusa da kalmar albashi. Matakan da jiha ta gindaya kuwa tun 1984 ba a taɓa su ba har zuwa 2023. Dala 300 ta 1984 ba ita ce ta 2020 ba, a jihar da hayar ɗaki ɗaya ke cinye ninkin haka sau da yawa. Aikin kuma ya ƙaru: takardun zama ɗaya kan kai ɗaruruwan shafuka, ga tarukan kwamitoci, ga koke-koken jama'a a waya da Facebook. Wa zai iya ba da awanni masu yawa haka kowane mako kusan kyauta? Ɗan fansho, mai kamfani, dillalin gidaje, lauya. Mai aikin kwana a asibiti ko matar da ke renon 'ya'ya ita kaɗai ba za su iya ba, ko sun fi kowa sanin halin unguwa. Kuma kansilan da ba shi da lokacin karanta kasafi, a ƙarshe abin da manaja ya ajiye masa zai ɗaga wa hannu, ko da kuwa bai ci ko anini ba.

Wannan hujja ce Sanata Bill Dodd ya kawo a 2023, ƙungiyar biranen jihar ta mara masa baya, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu. Daga 1 ga Janairu 2024 matakin farko ya tashi daga dala 300 zuwa 950 a wata, na biyu daga 400 zuwa 1,275, na ƙoli kuma daga 1,000 zuwa 3,200. Ba a tilasta wa kowa ba. Majalisar da ke so sai ta kawo ƙudurin a buɗaɗɗen zama, ta bayyana dalilinta, kuma ƙarin ba ya fara aiki sai an shiga sabon wa'adi bayan zaɓe. Wasu garuruwa sun ɗauki cikakken ƙarin nan take, wasu suka ɗauki rabi, wasu kuma suka ajiye maganar bayan mazauna sun cika zaure suna tambayar me aka yi musu da za a ƙara.